Shin ƙasashen Musulmi suna cika alƙawarin da suka ɗauka kan sauyin yanayi?

Tambaya: Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Na lura manyan tarukan duniya kan sauyin yanayi guda uku a jere duk a ƙasashen Musulmi aka yi su: Masar a 2022, Dubai a 2023, Azabaijan a 2024. Shin ƙasashen nan da gaske suke yi, ko karɓar baƙi kawai suka iya? Kuma addini yana da tasiri a kan irin ƙoƙarin da suke yi?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya. Kafin komai sai mun raba ƙasashen nan, domin idan aka yi musu kuɗin goro ba za a fahimci komai ba. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi tana da mambobi 57. A cikinsu akwai Katar, inda hayaƙin kabon da ake fitarwa, idan aka raba wa kowane mutum, ya haura tan 30 a shekara. A cikinsu kuma akwai Nijar, inda rabon mutum ɗaya kimanin kashi ɗaya bisa goma na tan ɗaya ne. A watan Satumba na 2021 masu bin diddigin alƙawuran ƙasashe na Climate Action Tracker sun ce a cikin duk ƙasashen da suka auna, Gambiya ce kaɗai shirinta ya dace da burin Yarjejeniyar Paris, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a 2015 don taƙaita ɗumamar duniya. Su ne kuma suka sa Saudiyya da Iran a ajin ƙarshe. Dukkansu alƙibla ɗaya suke kallo. Abin da na gani a shekarun da na yi ina bibiyar harkar makamashi shi ne, idan kana so ka san yadda ƙasa za ta yi da alƙawarinta, ka fara tambaya: mai take sayarwa, ko saye take yi? Wannan ya fi komai bayyana halinsu.

Akwai wata dabara a cikin alƙawuran da ya kamata ɗalibanka su gane. Yawancin ƙasashen nan ba cewa suka yi za su rage hayaƙin da suke fitarwa yau ba. Suna fara ƙiyasta yawan da za su fitar a 2030 idan ba a yi komai ba, sannan su ce za su rage wani kaso daga wancan ƙiyasin. To wanda ya kumbura ƙiyasinsa, cika alƙawari ba zai yi masa wuya ba. Turkiyya, wadda sai a Oktoban 2021 ta amince da Yarjejeniyar Paris a majalisarta, ta yi alƙawarin rage kashi 41 cikin 100 ta wannan hanya, amma a cikin takardar ta faɗa cewa hayaƙinta zai iya ci gaba da hauhawa har zuwa 2038. Iran kuwa ta sa hannu a yarjejeniyar amma ba ta tabbatar da ita ba, tana kafa hujja da takunkumin da aka ƙaƙaba mata. Na biyu, alƙawarin kan zo kashi biyu: wanda ƙasa za ta yi da aljihunta, da wanda sai an ba ta tallafi. A 2021 Pakistan ta ce kashi 50, amma 15 ne kawai nata, 35 sai da kuɗin waje. A shekarar ce Maroko ma ta ce kashi 45.5, nata na kanta 18.3. Saboda haka ni ba na auna ƙasa da abin da ta rubuta. Ina duba abin da ke ƙasa: daga ina wutarta take fitowa, kuma me ya canja cikin shekara goma.

Mu fara da masu sayen mai. Maroko ba ta da wani man kirki ko iskar gas, kusan kashi 90 cikin 100 na makamashinta daga waje take kawowa. Duk lokacin da farashin gangar mai ya tashi, baitulmalinta ne ke kuka. Wannan ne ya sa tun 2009 ta fito da tsarin makamashi, ta gina tashar hasken rana ta Noor a kusa da Warzazat, mai ƙarfin megawat 580, wadda aka buɗe kashin farkonta a Fabrairun 2016. Ta kafa injinan iska a gaɓar teku, ta ce zuwa 2030 kashi 52 cikin 100 na ƙarfin tashoshinta zai kasance daga rana da iska da ruwa. Abin da ya fi burge ni bai kai tashar Noor suna ba: tsakanin 2014 da ƙarshen 2015 gwamnati ta janye tallafin fetur da dizal, ta bar na gas ɗin girki saboda talakawa. Wannan aiki ne mai ɗaci da shugabanni ke gudu. Duk da haka kada a yi wa Maroko yabon da ya wuce kima. Ƙarfin tasha daban, wutar da ta bayar daban, domin rana tana faɗuwa, iska tana kwanciya. Har yanzu fiye da rabin wutar da ake sha a ƙasar daga kwal take fitowa, a tashoshin Jorf Lasfar da Safi, kuma ta Safin a 2018 ta fara aiki, bayan an ƙulla Yarjejeniyar Paris.

Jodan ma haka labarinta yake, a taƙaice. Tana dogara da gas ɗin Masar, sai aka yi ta fasa bututun a Sina'i daga 2011, ta koma ƙona mai mai tsada har kamfanin wutarta ya nutse a bashi. Cikin shekara goma ta tashi daga kusan babu zuwa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na wutarta daga rana da iska. Dole ce ta sa, kuma ba laifi ba ne a faɗi haka.

Yanzu ga masu sayarwa, kuma nan ne raina ya fi sosuwa, domin su ne masu hali. A 2021 Saudiyya ta ce zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa zai yi daidai da wanda take zuƙewa, ta ce rabin wutarta zai fito daga makamashi mai sabuntawa zuwa 2030, ta kuma yi shelar dasa itatuwa biliyan 10. Allah ya ba ta rana irin wadda ba kowa ke da ita ba, ga fili, ga kuɗi. A 2021 aka yi cinikin wutar sola a Shu'aiba a kan kusan senti ɗaya na dala kowane kilowat a awa, arhar da duniya ba ta taɓa gani ba a lokacin. Amma a 2023 abin da rana da iska suka bayar bai kai kashi 2 cikin 100 na wutar ƙasar ba. A lokacin zafi har yanzu ɗanyen mai ake ƙonawa, ganga dubu ɗaruruwa a kullum, don a kunna na'urorin sanyaya ɗaki da injinan tace ruwan teku. Gaskiya ne a 'yan shekarun nan an ƙara sauri, an kammala tashar Sudair mai megawat 1,500, wasu manya suna tafe. Sai dai tazarar da ke tsakanin inda suke da rabin da suka ambata tana da nisa ƙwarai, kuma lokaci ya ƙure.

Kuma ba za a ce zafin bai isa ƙofar gida ba. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, akasarinsu waɗanda ba su da izinin Hajji, ba su samu shiga tantuna masu sanyi ba. Duk wanda yake da iyaye masu niyyar sauke farali ya kamata wannan adadi ya tsaya masa a rai.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fi maƙwabtanta aiki a aikace, wannan ba a musu. Tashar nukiliya ta Baraka, mai injina huɗu da ƙarfin megawat 5,600, tana ba da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na wutar ƙasar ba tare da hayaƙi ba. Ga tashar sola ta Dafra mai megawat 2,000, ga kamfanin Masdar da ke zuba jari a makamashi mai sabuntawa a ƙasashe da dama. A taron Dubai ne aka fara rubuta a sanarwar ƙarshe cewa duniya za ta kama hanyar barin mai da kwal da gas, bayan kusan shekara talatin ana kewaye maganar. Amma wanda ya shugabanci taron, Sultan Al Jaber, shi ne kuma shugaban kamfanin man ƙasar, ADNOC, wanda ke faɗaɗa ƙarfin haƙarsa zuwa ganga miliyan 5 a kullum. Katar ma tana ɗaga gas ɗin da take fitarwa daga tan miliyan 77 zuwa 142 a shekara. A taron Baku na Azabaijan kuwa shugaban ƙasar, Ilham Aliyev, ya tsaya gaban mahalarta ya ce mai da gas kyauta ce daga Allah.

Za ka ce to yaya ake haɗa wannan da alƙawari? A tsarin lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, hayaƙi na ƙasar da aka ƙona man ne, ba na wadda ta haƙo shi ba. Gangar da ta bar tashar jiragen ruwa ta Ras Tanura a Saudiyya aka ƙona ta a Indiya, a littafin Indiya za a rubuta ta. Saboda haka ƙasa tana iya tsabtace gidanta tas, ta kuma ƙara yawan abin da take turawa kasuwa, ba ta karya doka ba. Hasali ma kowace ganga da sola ta hana a ƙona a gida, ganga ce da za a sayar da dala. Ba ƙasashen Musulmi kaɗai ke wannan ba: Norway tana yi, Amurka ce ta fi kowa haƙo mai a duniya yanzu. Na faɗi haka ne don adalci, ba don wanke kowa ba. Sararin sama dai ɗaya ne, ba ya tambayar a littafin wa aka rubuta.

Akwai wata ɓarna da ba ta da uzuri ko kaɗan, ita ce ƙona gas a bakin rijiyoyin mai. A jerin Bankin Duniya na ƙasashen da suka fi yin haka, Iran da Iraƙi da Aljeriya da Libiya duk suna sahun gaba, Najeriya ma tana ciki. Iraƙi tana ƙona gas ɗinta a sararin Basra dare da rana, sannan tana sayo gas daga Iran don ta ba mutanenta wuta. A nan ba sabuwar fasaha ake jira ba, bututu ne da na'urar tara gas da hukuma mai bin doka. Idan aka ce in nuna wuri ɗaya da aka fi yin sakaci, nan zan nuna.

Indonesiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne tambayarka ta biyu za ta samu amsa. A 2015 gobarar daji ta cinye kimanin hekta miliyan 2.6, kimanin kashi ɗaya bisa uku a ƙasa mai dausayi wadda ruɓaɓɓen ganye ya taru a cikinta shekaru dubbai, irin wadda idan ta kama wuta takan yi watanni tana ci ta ƙarƙashin ƙasa. Hayaƙin ya rufe makarantu har a Maleshiya da Singafo. Gwamnati ta kafa hukuma ta musamman a 2016 don sake jiƙa wannan ƙasa, ta toshe magudanan da masu gonakin kwakwar manja suka haƙa, a 2019 kuma ta mayar da dokar hana ba da sabon izinin sare tsohon daji ta dindindin. A 2016 ɗin ne Majalisar Malaman ƙasar ta ba da fatawa cewa ƙona daji da gangan haramun ne, aka bi ƙauyuka ana karanta ta a huɗubobi. Sare daji ya ragu shekara biyar a jere. Wannan nasara ce ta gaske, kuma tana cikin manyan ragin hayaƙi da aka samu a ko'ina.

Sai dai a ɗaya hannun tufka da warwara ake yi. Indonesiya ce ta fi kowa fitar da kwal na tashoshin wuta zuwa kasuwar duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na wutarta kwal ne. Ta sa wa kanta burin kashi 23 na makamashi mai sabuntawa zuwa 2025, ba ta kai ba. A taron ƙasashen G20 a Bali a Nuwamban 2022 ƙasashe masu arziki da manyan bankuna suka yi mata alƙawarin dala biliyan 20 don ta rufe tashoshin kwal da wuri, amma mafi yawan kuɗin bashi ne, Amurka kuma ta janye daga shirin a 2025. Sannan tashoshin kwal da kamfanonin narka nikel suke gina wa kansu a tsibirin Sulawesi, su ba a sa su cikin lissafin shirin ba. Nikel ɗin kuwa har da na batirin motocin lantarki da ake hawa a wasu ƙasashe da sunan tsabtace iska.

To ina addini a nan? A nassi babu gardama. Aya ta 41 a Suratur Rum ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. An hana mu almubazzaranci, an ce mu halifofi ne a bayan ƙasa, ga hadisin da ya ce idan Alƙiyama ta zo alhali akwai dashe a hannun ɗayanku, ya dasa shi. Malamai sun yi sanarwa a Istanbul a Agustan 2015, suka yi kira ga ƙasashe masu mai su jagoranci rage hayaƙi. Indonesiya ta sayar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na ayyukan muhalli na dala biliyan 1.25 a 2018, na farko da wata gwamnati ta fitar. Maroko ta sa wa masallatai sola, har da Kutubiyya na Marakish. Abin da na fahimta shi ne, wa'azi yana canja halin manomi da magidanci, musamman idan doka ta biyo bayansa, kamar yadda aka gani a gobarar daji. Amma ban ga inda ya canja shawarar ma'aikatar man fetur ba. Wannan abin kunya ne a gare mu, kuma ina ganin malamanmu suna da hakkin su ƙara ɗaga murya a kai, domin hujja tana hannunsu.

Akwai ƙasashen da bai kamata a auna su da rage hayaƙi ba ma, tunda ba su suka fitar ba. Su ma'auninsu shi ne rayuka nawa suka ceta. A nan Bangaladash ta zama malamar duniya. Mahaukaciyar guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Suka gina dubban mafaka masu bene a gaɓar teku, waɗanda a ranakun lafiya makarantun firamare ne, suka horar da dubun-dubatar 'yan sa-kai maza da mata, suka riƙa amfani da lasifikar masallatai wajen shelar gargaɗi. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe mutane fiye da miliyan 2 kafin ta sauka, waɗanda suka rasu 'yan gomomi ne. Idan ana neman ma'anar aiki mai inganci da kuɗi kaɗan, to ga ta nan.

Pakistan ba ta fitar da ko kashi 1 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, asarar ta kai kusan dala biliyan 30. Wannan masifa ce ta ba wakilanta ƙarfin murya a taron Masar da aka yi a Sharm el-Sheikh har aka amince da kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa. A Janairun 2023 a Janiba aka yi mata alƙawarin sama da dala biliyan 9, akasari bashi. Abin da ya biyo baya ne ya ba masana mamaki. Kuɗin wuta ya yi tsada, ɗauke wuta ya yi yawa, farashin farantan sola na Sin kuma ya karye. Mutane ba su jira gwamnati ba. A 2024 kaɗai an shigo da farantai masu ƙarfin kusan megawat 17,000, manoma suka cire injinan dizal daga rijiyoyinsu, masana'antu suka rufe rufinsu da sola. Duk wanda ya ga yadda sola ta yawaita a gidaje da shagunan Kano tun bayan cire tallafin mai a 2023 zai gane abin da nake faɗa. Yana da nasa ciwon: masu hali sun bar layin gwamnati, an bar marasa hali da biyan bashin tashoshin da aka gina.

Maganar kuɗi kuwa ba ta da daɗin ji. Dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi wa masu tasowa alƙawari a Kofanhagan a 2009 cewa za ta cika a 2020, sai a 2022 aka ce ta cika. A Baku ƙasashe masu tasowa sun nemi tiriliyan 1.3, aka tsaya a biliyan 300 zuwa 2035. Idan ka tuna cewa babban kason alƙawarin ƙasashe irin su Pakistan da Maroko a rataye yake da tallafi, za ka ga ba duk laifin jinkiri ne nasu ba.

Na bar Nijar a ƙarshe saboda ita ce ta fi kusa da ajinka, kuma ita ce ba a cika ambata ba. A da, itacen da ke cikin gona na gwamnati ne. Manomi ba ya amfana da shi, tara kawai zai iya jawo masa daga ma'aikatan gandun daji, saboda haka yakan sassabe komai ya ƙone. A farkon shekarun 1980, a yankin Maradi aka fara gwada wata hanya da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗawa: maimakon dasa sabon itace, a bar kututturen da ke tofowa, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a rage sauran. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ba ta buƙatar ban ruwa. Da manoma suka tabbata itacen nasu ne, musamman bayan dokar karkara ta 1993 da ta gandun daji ta 2004, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a Maradi da Damagaram da kewayensu, da itatuwa kusan miliyan 200. Kwatanta da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka da aka ƙaddamar a 2007 da burin hekta miliyan 100: rahoton 2020 ya nuna kimanin miliyan 4 aka gyara a cikin yankin shirin.

Da yawa daga cikin itatuwan nan gawo ne. Shi gawo da damina yake kakkaɓe ganye, saboda haka ba ya hana gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da za su ci lokacin da ciyawa ta ƙare. Idan makarantarku tana kusa da karkara, Malam, ka fita da ɗalibanka wajen kaka su auna tsawon gero a ƙarƙashin gawo, su auna wanda ke nesa da shi, su rubuta abin da suka samu.